Shirun da Baba Ya Yi a Gaban Kyamara

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin garin naku? Allah ya ƙara lafiya, ya yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, don matarka ta riga ta tona maka asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yin shanya da kanta tana mitar cewa ba mu iya matse kaya ba. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci da danna waya. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta sauya wa kujerun falo wuri ba wanda ya roƙe ta, ta tafi ta bar mu muna ta tuntuɓe. Baba kuwa jikinsa garau, yana ci yana sha, yana zaga unguwa kowace safiya. Kansa ne dai ba daidai ba, kuma a kan haka na zauna nake maka wannan rubutu.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. Ka san gidan nan, ko a banɗaki na shige da waya Umma tana jina. Kuma da ka ji muryata ta fara rawa sai ka hau cewa ya isa, ya isa, maganar ta mutu a nan. Wannan karon ina so ka ji ta har ƙarshe, saboda haka ka nemi wuri ka zauna.

Mantuwar Baba ta wuce inda ka bar ta bara. Mutumin da yake haddace takardar wasa ɗungurum, nasa da na abokan wasansa, har yana gyara wa mutane layinsu, yau sai ya karanta shafin jarida ya yi dariya, ya ajiye, ya sake ɗauka ya yi dariya a daidai wurin da ya yi ɗazu. Likita ya ce abin a hankali zai riƙa tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A waje babu wanda ya sani. Har yanzu in ya fita ana ɗaga masa hannu ana kiran Hedimasta, saboda shekaru talatin ɗin nan da ya yi yana fitowa a matsayin shugaban makaranta a talabijin, shi kuma sai ya miƙe kafaɗa ya ɗaure fuska kamar zai hukunta mai latti. Minti biyu na gaisuwa ba ya gagararsa, shi ya sa asirinmu yake rufe.

Wata biyu da suka wuce daraktan da nake wa aikin haɗa hoto ya zo gida gaishe shi. Ka san shi, dogon nan da ya fara aiki yana riƙe wa Baba jaka. Ana cikin hira ya ce yana da fitowa ɗaya tak a sabon fim ɗinsa da ba ya ganin kowa a ciki sai maigidansa. Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe yana tambayar inda aka sa masa baƙin takalminsa. Shekara shida ba wanda ya neme shi aiki, Yaya. Umma ta kalle ni, na kalle ta. Na raka darakta har bakin mota da niyyar gaya masa gaskiya, na tsaya ina yi masa surutun banza a kan tayarsa da ta yi laushi, har ya ja mota ya tafi. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Fitowar ba ta da wuya. Tsohon tela ne, 'yarsa ɗaya ta samu aiki a nesa, ta zo shago da jakarta ta yi masa sallama. Layi huɗu ne nasa: ya ce ta kula da kanta, ta riƙa kira, kada ta damu da shi, ya yafe mata. Sati guda muna bitarsu ni da shi, da safe bayan ya sha shayi, lokacin da kansa ya fi zama daidai. Wani lokaci ya kawo su tsaf har da salo, wani lokaci ya tsaya a na biyu yana murza goshi. Ranar ɗauka na bar ɗakina na kwamfuta, ni da ban taɓa zuwa wajen ɗauka ba sai dole, na bi shi. Wani ƙaramin shagon ɗinki aka ara, mai keke biyu da tebur ɗaya. An kashe fanka saboda mai ɗaukar sauti, fitilu kuma sun gasa wurin. Na karɓi takardar wasan daga hannun mai kula da ita, na zauna a kan wani akwatin kaya a gefen kyamara, ƙaramin allon da ake ganin hoto yana gabana.

A nan sai na tuna maka dokar Baba, ko da yake kai ba ka taɓa bin sa wajen aiki ba, ƙwallo ta ɗauke maka hankali. Ina 'yar shekara goma sha biyar na raka shi gidan talabijin, yana cikin wasa ya yi shiru, ni kuma don gwaninta na raɗa masa layin. Tun daga can har gida bai ce min uffan ba. Sai a bakin ƙofa ya juyo ya ce shirun ɗan wasa kayansa ne, ba mai sa hannu a ciki har sai darakta ya ce a yanke. Duk wanda ya yi aiki da shi ya sha wannan faɗan. To ka duba waɗanda suke shagon ranar: darakta yaronsa ne, mai kyamara yaronsa ne, mai sauti ma a hannunsa ya koyi riƙe sandar makirufo. Ɗaki ne cike da mutanen da aka horar kada su katse shirun mutumin nan ko da gini zai faɗo.

Aka fara. 'Yar wasan da ta fito a matsayin 'yarsa ta shigo da jaka, ta faɗi nata. Baba ya ɗago daga kan keken ɗinki, ya ce ta kula da kanta, muryarsa tana nan yadda ka san ta. Daga nan ya tsaya. Ya ajiye almakashi a hankali. Ya cire tef ɗin awo daga wuyansa ya naɗe shi a yatsu, ya warware, ya sake naɗewa. Leɓensa na ƙasa yana motsi, ba abin da yake fita. Ya kalli yarinyar, irin kallon da yake mana a gida in ya shigo ɗaki ya rasa abin da ya kawo shi. Ita kuma ta tsaya tana jira kamar yadda aka koya mata, jakar tana rataye a hannunta. Daƙiƙa arba'in da bakwai, na ƙirga su daga baya a kwamfuta. Sannan ya yi wani ɗan murmushi na kunya, ya ce mata ta yi haƙuri, akwai maganar da ya tanadar mata, amma ta ɓace masa. Wannan ba ya cikin takarda. Yarinyar ta saki jakar ta rufe fuska, kukan da ta yi ba na wasa ba ne.

Darakta ya ce a yanke. Mai kyamara, ƙaton nan da ban taɓa ganin ya yi ko murmushi ba, ya juya baya yana goge ido da hularsa. Sai tafi ya ɓarke. Baba ya bi su da kallo yana ɗan gyaɗa kai, irin na baƙon da aka yi wa maraba bai san dalili ba. Na tashi na ce a sake ɗauka don tsaro, na rubuta layukan da manyan baƙaƙe a bayan kwali na riƙe masa. Ya karanta su sau biyu lafiya ƙalau, ba kuskure ko ɗaya. Kowa ya ɗauka na farkon ƙwarewa ce ta tsohon hannu, na biyun kuma cika umarni. A hanyar gida ya yi barci a mota, takalminsa ɗaya a cire.

Yaya, kai da kake barci tun ba a gama rubutun farkon fim ba, ka taɓa tsokanata a waya kana tambaya wai me nake yi ne a ɗakin nan mai duhu tun safe har yamma. Abin da nake yi shi ne neman wurin da mai kallo zai daina taunar abin da ke bakinsa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, na yanka fitowa ta fi dubu, kuma yawancinsu ni kaina na manta su kafin a kai fim kasuwa. An kashe mutane a gabana, an yi kuka da majina, an farfasa motoci, duk sun wuce. Waɗanda suka zauna min ba su kai goma ba, kuma da na duba su sai na ga kusan abu ɗaya ne: mutum yana son ya yi wani abu ƙarami, abin ya fi ƙarfinsa, kyamara kuma ta ƙi kawar da kai. Baba ya sha gaya min cewa mai kallo yana manta magana kafin ya kai ƙofar fita, amma ba ya manta abin da hannu ya yi. Ya kan ce kuma in ina son in san ko fitowa ta yi, kada in kalli mai magana, in kalli wanda ake wa maganar. Na yarda da duk wannan, na koyar da shi ga sababbi. Ban taɓa tunanin wata rana hannun zai zama na ubana ba, yana naɗe tef don ya rasa inda zai kama.

Na yi iya ƙoƙarina in kashe fitowar, wallahi na yi. Na haɗa ta da ɗauka ta biyu, mai layi huɗu cif. Ta yi kyau, irin kyan da ba wanda zai tuna da shi. Na haɗa wata na gutsure shirun zuwa daƙiƙa takwas, na cusa hoton keken ɗinki a tsakiya, na sa kiɗa mai taushi. Ta zama irin waɗanda kake gani kullum. Sai na koma ta asali, ban taɓa komai ba, na bar ta tana tafiya. Matar da take mana shara a ofis ta shigo a daidai lokacin, ba ta san labarin fim ɗin ba, ba ta ma san ubana ba ne. Ta tsaya da tsintsiya a hannu har aka gama. Ta ce haka nata uban ya yi ranar da ya raka ta tasha, ya tsaya yana ta gyara mata igiyar jaka har mota ta tashi bai ce komai ba. Ta ce tsohon nan ya iya aikinsa. Bayan kwana uku muka haɗu a matakala, ta sake ɗauko min zancen tef ɗin nan. Na ce mata haka ne, na shige banɗaki na kulle.

Daga ƙarshe na samu darakta na gaya masa komai. Ya dafe kai. Ya ce da ya sani da tun a daƙiƙa ta biyar ya tsayar, kuma ya ji haushina da na bar shi ya tafa wa maigidansa a kan abin da ya kamata ya rungume shi. Na ce ya yi gaskiya. Sannan ya ce ba zai yi min ƙarya ba, shekara ashirin yana ɗaukar fim bai taɓa samun irin wannan ba, kuma ba ya jin zai sake samu. Amma ya ce ba zai gina sunansa a kan rashin lafiyar mutumin da ya koya masa aiki ba, saboda haka ya bar mana, mu iyali. In mun ce a cire, a cire, ba zai ƙara tayar da maganar ba. Ranar Litinin za a miƙa fim ɗin wajen masu gyaran sauti, daga nan ba a sake taɓa hoto. Na so a ce ya yi min ƙarfa-ƙarfa, Yaya, da na samu wanda zan ji haushi. Ya yi min kirki ya bar ni da kayan a ka.

Umma ta ƙi kallo. Na kawo mata kwamfuta har gado ta ture ta. Ta ce shekara arba'in da huɗu tana tare da mutumin nan, bai taɓa fita da riga a yamutse ba, har hankicinsa gogewa take yi, yanzu kuma muna so mu fitar da shi gaban duniya a haka. Na ce to a cire ke nan. Ta ce ita ba ta ce ba. Ta ce ta san abin da wasa yake a wurinsa, ta san ya fi son sa da abinci, kuma ba za ta zama wadda ta hana shi na ƙarshe ba. Ta ce mu da muka san fim mu yanke, ta juya ta fuskanci bango. Ka san Umma in ta juya baya an gama.

Sai na ce bari in tambayi mai abin. Na jira ranar da kansa ya washe, da la'asar, yana zaune a baranda har yana tsokanar Auta. Na kunna masa. Ya kalla bai motsa ba, ya ce in maimaita. Da aka gama na biyu ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba, ko wannan ba wasa ba ne. Na ce ba wasa ba ne, Baba. Ya ce ya sani, ya ga idon. Ya yi shiru mai tsawo, ni kuma ban katse shi ba. Can ya ce shekara arba'in yana tsayawa gaban madubi yana neman fuskar nan bai taɓa samunta ba, ashe ba a yin ta da gangan. Ya ce kada in taɓa ko ƙiftawar ido ɗaya, kuma duk wanda ya sa mata kiɗa bai yafe ba. Har ya yi dariya ya ce a ƙarshe dai ya iya wasa. Na kwantar da kaina a gwiwarsa na yi kuka, na ji an sauke min dutse.

Washegari da safe ina wanke kofuna ya leƙo kicin sanye da baƙin takalminsa, ya tambaye ni yaushe za mu je ɗaukar fim ɗin telan nan. Na ce ai an ɗauka, Baba. Na ga tsoro ya shiga fuskarsa. Ya tambaya ko ya kawo layinsa duka, ko bai ba mu kunya ba. Ya kama wuyan hannuna da ƙarfi, hannuna duk kumfa, ya ce in har ya yi tuntuɓe a wani wuri in yanke shi, ni ce mai almakashi, kada in bari mutane su ga Hedimasta yana lalube. Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Tun daga nan na sake gwadawa sau biyu: sau ɗaya ya ce a bari, sau ɗaya ya roƙe ni a cire har da hawaye. Na daina tambaya, don duk lokacin da na nuna masa sabon ciwo ne, shi ya manta, ni kuma in kwana da shi. Na la'asar ɗin ubana ne, na safen ma ubana ne, kuma kowannensu na yi masa alkawari. Na zauna gaban kwamfuta jiya awa uku, fitowa biyu a jere, ta asali da mai layi huɗu cif, na kasa danna ko ɗaya.

Ba na ce ka zo ba, na san ba a ba ka hutu. Na tura maka duka biyun a waya, tare da hoton wannan takarda. Ka kalle su kai kaɗai, ba a gaban yara ba. Kai ne babba, kuma kai ba ka san komai a fim ba, wataƙila shi ya sa za ka ga abin da ni na daina gani. Ka gaya min ɗaya kafin Litinin, kowanne ka ce shi zan yi, ba zan yi maka gardama ba ko da sau ɗaya a rayuwata.

Ka gaishe min da matarka da kyau, ka ce mata maganin shafawar da ta aiko wa Umma ya yi aiki. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka ce wa ɗanka Babban Mutum gwaggonsa ta ga hoton haƙorin da ya faɗi. Umma tana gaishe ku, Auta ta ce a tuna maka alkawarin agogo, Kawu Dogo ma ya ce in na rubuta in sa sunansa. Baba yana sa muku albarka kullum bayan sallah, wannan kam bai taɓa mantawa ba.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa darakta ba, ban gaya wa Umma ba. Da safen ranar ɗauka, muna tsaye a danja, Baba ya dafa hannuna a kan sitiyari ya ce yau ya janye min dokarsa, ni kaɗai. Ya ce in na ga ya kalle ni, in ba shi kalmar farko kawai, sauran zai kawo. Na ce to. In ka kalli doguwar fitowar za ka ga idonsa ya koma gefen hagu sau uku. Duk wanda ya gani cewa yake yi ƙofar da 'yar za ta fita yake kallo, darakta har yabawa ya yi. Babu ƙofa a wurin, Yaya. Ni ce a wurin, a kan akwati, takarda a cinyata, yatsana a kan layin. A kallo na farko na ce bari in ba shi dama ko zai tuno. A na biyu idona yana kan ƙaramin allo, na ga abin da ake samu, na ga irin kyan da yake yi. A na uku na ɗago muka haɗa ido, kalmar tana bakina, na rufe bakin.

Shi ya manta ya roƙe ni. Ni kaɗai na sani, yanzu kuma sai kai.

Wassalam,
Ƙanwarka.